Gasar Shiyya ta Wasan Besbol a Jami'o'in Amurka: Tsarinta da Nauyin da Take Ɗora wa Majefa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayani a kan wata gasa da ɗaliban jami'o'in Amurka suke yi kowace shekara daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon watan Yuni, watau gasar shiyya ta wasan besbol. Wasan kansa baƙo ne ga yawancin masu karanta wannan mujalla, saboda haka tilas ne a ɗan tsaya a kan yadda ake yin sa kafin a shiga maganar gasar. Amma abin da aka fi so a fito da shi fili shi ne tsarin gasar, domin tsari ne wanda a ido ya yi kama da rangwame: ƙungiyar da aka kayar sau ɗaya ba a sallamar ta, sai an kayar da ita sau biyu. Za a nuna cewa rangwamen nan yana da tsada, kuma masu biyan kuɗinsa su ne samarin da aikinsu a fili shi ne jefa ƙwallo.

Akwai 'yar matsala game da suna. Wasu masu fassara labarin wasanni sukan kira wannan wasa ƙwallon gora, alhali kuwa sunan yana hawa kan wasan hoki ma, don haka yana iya kawo ruɗani. A nan an zaɓi a ari kalmar besbol yadda take faɗuwa a bakin Bahaushe. Sauran kalmomin wasan kuwa an nemo su daga cikin gida, kuma za a bayyana kowace a inda ta fara fitowa.

Yadda Ake Wasan

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, sa'an nan su yi musanya. A tsakiyar filin akwai wurare huɗu da aka jera a kusurwa huɗu, tsakanin kowane da na gabansa ƙafa 90 ne. Na farkonsu shi ake kira gida, sauran ukun kuwa za mu kira su zango na ɗaya da na biyu da na uku. Mai bugu yana tsayawa a gida riƙe da kulki. Majefi, wanda ɗan ƙungiyar masu tsaro ne, yana tsayawa a kan wani ɗan tudu mai nisan ƙafa 60 da inci 6 daga gida, ya wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa da dabararsa. In mai bugu ya sami ƙwallon ya doke shi, sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zango na ɗaya. Wanda duk ya kewaye zangunan uku ya komo gida lafiya ya ciwo wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Wanda ya taɓa yin langa zai gane abin da sauri, domin komowa gidan nan ita ce shan da ake nema.

Su kuwa masu tsaro, aikinsu shi ne su fitar da masu bugu. Ana fitar da mutum in ya kasa samun jifa uku masu kyau, ko in an cafe ƙwallon da ya buga kafin ya taɓa ƙasa, ko kuma in ƙwallon ya riga shi isa zango. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya. In kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya ta yi tsaro sau ɗaya, to, an yi turmi guda ke nan, in muka ari kalmar 'yan dambe. Wasa cikakke turmi tara ne. Ba agogo ke tsayar da shi ba, kuma ba a tashi canjaras: in an gama turmi tara maki ɗaya ne, sai a yi ta ƙarawa har a sami wanda ya rinjaya. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za a komo kanta.

Cikin mutum taran nan, majefi daban yake. Sauran takwas suna iya yin wasa yau su yi gobe su yi jibi. Majefin da ya fara wasa kuwa yakan yi jifa wajen sau ɗari, da yawa daga ciki da gudun da ya kai mil 90 a awa ko fiye, kuma irin wannan jifa ta saman kafaɗa tana gallabar jijiyoyin gwiwar hannu da na kafaɗa ƙwarai da gaske. Saboda haka a jami'o'i al'adar ita ce wanda ya fara wasa yau ya huta kusan mako guda. Ƙungiyoyi sun saba da wasa uku a ƙarshen mako, Jumma'a da Asabar da Lahadi, da guda ɗaya a tsakiyar mako, don haka kowace takan tanadi manyan majefa uku, da na huɗu wanda bai kai su ba, da kuma 'yan karɓa waɗanda sukan shigo su yi turmi ɗaya ko biyu. Daɗin daɗawa, majefin da aka cire daga wasa ba ya komawa kan tudu a wannan wasan. Ke nan hannun majefa kamar guzuri ne: abin da aka ci yau ba za a same shi gobe ba.

Asalin Gasar

Ɗaliban Amurka sun daɗe suna wannan wasa. Karawar farko tsakanin makarantu biyu an yi ta ne a shekarar 1859, inda kwalejin Amherst ta ci kwalejin Williams 73 da 32, bisa dokokin wancan zamani waɗanda suka sha bamban da na yau. Amma gasar ƙasa baki ɗaya sai a 1947 aka fara ta, ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA. A garin Kalamazoo na jihar Mishigan aka yi ta, Jami'ar Kalifoniya ta ci Jami'ar Yale. Mai tsaron zango na ɗaya a ƙungiyar Yale a lokacin shi ne George Bush babba, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Tun daga 1950 ake yin zagayen ƙarshe a birnin Omaha na jihar Nebraska, har sunan birnin ya zama kirari a bakin 'yan wasa: in an ce wane ya je Omaha, ana nufin ƙungiyarsa ta shiga cikin takwas na ƙarshe. Sau ɗaya tak gasar ta tsaya, a 2020, saboda annobar korona.

Da can ana rarraba ƙasar gunduma-gunduma ne, kowace ta fid da gwani ɗaya. A 1975 aka koma tsarin shiyyoyi. Daga 1988 zuwa 1998 ƙungiyoyi 48 ke shiga, a shiyya takwas, kowace da ƙungiya shida. Tsarin da ake bi yanzu ya soma ne a 1999: ƙungiyoyi 64, shiyya 16, kowace da ƙungiya huɗu. Gwanayen shiyyoyin 16 sai su kara biyu-biyu a mako mai zuwa, wadda ta fara cin wasa biyu cikin uku ta wuce Omaha.

Yadda Ake Zaɓe

Jami'o'in da suke babban aji na wannan wasa sun kai wajen 300, kuma kusan kowace tana cikin wata gamayya, watau haɗakar makarantun da suke karawa a junansu. Ana fara kakar wasa a tsakiyar watan Fabrairu, kuma doka ta ƙayyade wasa 56 kafin gasar ƙarshen kaka. Kowace gamayya tana da kujera ɗaya da ba a taɓa mata, wadda galibi ƙungiyar da ta ci gasar gamayyar ke hawa. Irin waɗannan kujeru wajen talatin ne. Sauran kuwa wani kwamiti ne yake raba su, yana duban wani lissafi da ke auna yawan nasarar ƙungiya, da ƙarfin abokan karawarta, da ƙarfin abokan karawar abokan karawarta. Tun daga 2013 aka gyara lissafin yadda nasara a filin wani ta fi nasara a filin gida nauyi.

Kwamitin nan shi ne kuma yake zaɓen makarantu 16 da za su karɓi baƙuncin shiyyoyi, sa'an nan ya jera ƙungiyoyin kowace shiyya daga lamba ɗaya zuwa lamba huɗu. Mai masauki kusan kullum ita ce lamba ɗaya. Akan sanar da masu masauki ranar Lahadi, cikakken jerin kuma ranar Litinin ta ƙarshen watan Mayu, a fara wasa ranar Jumma'a. Kalmar shiyya a nan ba ta cika ma'anarta ba, domin ko da yake ana ƙoƙarin haɗa maƙwabta don rage kuɗin tafiya, ba abin mamaki ba ne a ɗauko ƙungiya daga gabar gabas a jefa ta shiyyar da take can gabar yamma.

Kwana Huɗu na Shiyya

To, ga yadda abin yake gudana. Ranar Jumma'a ana wasa biyu: lamba ɗaya da lamba huɗu, lamba biyu da lamba uku. Ranar Asabar ma wasa biyu: waɗanda suka faɗi jiya su kara, wadda ta sāke faɗuwa ta kama hanyar gida, waɗanda suka yi nasara jiya su ma su kara. Ranar Lahadi da rana, wadda ta tsira daga wasan masu faɗuwa ta haɗu da wadda ta faɗi a wasan masu nasara, a sallami ɗaya. Wadda ta rage, bayan 'yan sa'o'i kaɗan, sai ta koma fili da yamma ta fuskanci wadda ba a taɓa kayarwa ba. In wadda ba a kayar ba ta ci, gasa ta ƙare a wasa shida. In kuwa ta faɗi, to, kowace tana da faɗuwa ɗaya ke nan, sai a yi wasa na bakwai ranar Litinin, wanda ya ci ya wuce.

Yanzu sai a yi lissafi. Ƙungiyar da ta ci Jumma'a ta ci Asabar tana iya gama aikinta a wasa uku, watau turmi 27, wasa ɗaya kowace rana, daidai da abin da ta saba yi tun watan Fabrairu. Manyan majefanta uku sun ishe ta. Ƙungiyar da ta faɗi ranar Jumma'a kuwa, tilas ta ci wasa huɗu a jere: jimlar wasanninta biyar, turmi 45, cikin kwana huɗu, biyu daga ciki a rana guda. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wadda ta ci Jumma'a ta faɗi Asabar ita ma wasa biyar ne a kanta. Nasarar da ta samu ranar farko ba ta rage mata ko turmi ɗaya ba. Saboda haka wasan masu nasara na ranar Asabar shi ne ƙofar shiyya. Wanda ya ci shi zai kwana ya wuni yana hutawa, yana kallon sauran biyu suna ƙarar da hannuwan majefansu a kan juna, sa'an nan ya karɓi wanda ya tsira a gajiye, kuma ko an kayar da shi da daren Lahadi yana da Litinin a ajiye.

Daga nan ne wata shawara mai wuya take tasowa ga kocin mai masauki. Yana da gwanin majefi guda ɗaya. Shin ya sa shi ranar Jumma'a a kan lamba huɗu, ko ya ajiye shi don wasan Asabar? In ya sa shi Jumma'a, ya kashe babban harsashinsa a kan ƙaramin nama. In ya ajiye shi, to, ya tuna cewa lamba huɗu ba ta da irin wannan tunani: ita gwaninta za ta fitar tun ranar farko, kuma ƙaramar makaranta ma takan sami majefi ɗaya wanda zai iya rufe bakin kowa na tsawon turmi bakwai. A nan wasan besbol ya bambanta da ƙwallon ƙafa. Ƙarfin ƙungiya yana sauyawa kowace rana gwargwadon wanda ya hau tudu, har ana iya cewa ƙungiyar da ta fito Jumma'a da wadda ta fito Litinin riga kawai suka haɗa. Koci da yawa sun ajiye gwaninsu sun ci riba, wasu kuma sun wayi gari Asabar suna sa shi a wasan masu faɗuwa don kawai a tsira.

Shekarar 2009 ta ba da misalai biyu waɗanda suka isa hujja. A shiyyar Tallahassee, Jami'ar Jihar Ohayo ta faɗi ranar Jumma'a, ta yi ta fafutika har ta kai wasan daren Lahadi, wanda shi ne wasanta na huɗu cikin kwana uku. Mai masauki, Jami'ar Jihar Filorida, tana zaune tana jira. Aka tashi 37 da 6. Tun a turmi na biyar maki ya kai 32 da babu. Wanda ya ga wannan sakamako zai zaci 'yan firamare aka haɗa da manya, alhali ƙungiyar Ohayo ba ta rauni ba ce, majefa ne suka ƙare mata. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a gasar shiyya miyar ita ce hannun majefa.

Misali na biyu ya faru a daren Asabar na wannan mako a birnin Austin, inda Jami'ar Teksas ta kara da Kwalejin Boston a wasan masu nasara. Aka gama turmi tara ba wanda ya rinjaya. Aka yi ta ƙarawa har turmi 25, kusan wasa uku a haɗe, cikin awa bakwai da 'yan mintoci. An fara da yamma, ba a tashi ba sai bayan ƙarfe ɗaya na dare, Teksas ta ci 3 da 2. Wani ɗan karɓa na Teksas mai suna Austin Wood, wanda aikinsa na kullum shi ne ya rufe wasa da turmi ɗaya ko biyu, shi ya riƙe tudu turmi 13, ya yi jifa 169, kuma a fiye da turmi 12 na farko ba wanda ya sami bugu mai kyau a kansa. Kwalejin Boston kuwa, bayan wannan doguwar wahala, ta koma fili da rana ta kara da makarantar sojan Amurka ta West Point, aka kayar da ita, aka sallame ta. Teksas ta ci shiyyar, ta yi ta tafiya har wasan ƙarshe a Omaha. Maki ɗaya a turmi na 25 shi ya raba hanyar ƙungiyoyin biyu.

Hannun Majefi

An yaba wa Wood ƙwarai, har yau ana ba da labarinsa, amma tun a lokacin wasu suka zargi kocinsa, Augie Garrido, da cewa ya yi caca da lafiyar ɗalibi. Wata ƙungiyar ƙwararru ta birnin Detroit ta ɗauki Wood a wannan shekara, daga baya ciwon kafaɗa ya dame shi, bai kai babban ajin ƙwararru ba. An yi ta gardama a kan ko daren nan ne sanadi, kuma irin wannan gardama ba ta ƙarewa, domin jijiya a hankali take lalacewa. Abin da ba gardama a kansa shi ne yanayin da tsarin gasar yake jefa koci da ɗan wasa a ciki.

A duba al'amarin ta fuskar yaron. Ɗalibin da ya shiga jami'a mai karatun shekara huɗu ba ya cancantar ƙungiyoyin ƙwararru su zaɓe shi sai ya gama shekara ta uku ko ya cika shekara 21 da haihuwa. Ke nan gwanayen majefa da yawa suna zuwa gasar shiyya ne ana saura 'yan makonni a yi zaɓen da zai iya kawo musu dukiya mai yawa. Hannun nan shi ne jarinsu. In jijiyar gwiwar hannu ta tsinke, akwai tiyatar da ake yi wadda aka fara a 1974 a kan wani majefi mai suna Tommy John, har sunansa ya bi ta, amma jinyarta takan ci shekara guda ko fiye. A gefe ɗaya kuma ga abokai waɗanda aka sha wahala tare tun watan Fabrairu, ga dubban 'yan kallo, ga koci wanda aikinsa yana iya dogara a kan wasan Litinin. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya in aka tambaye shi a irin wannan hali ko zai iya, da wuya ya ce a'a. Makarantun sakandare na Amurka tun 2017 suke bin dokokin da suka ƙayyade yawan jifa da kwanakin hutu, a jami'o'i kuwa an bar abin a hannun koci. A ganina wannan gibi ne babba, domin mutumin da aka ɗora wa tsaron lafiyar yaro shi ne kuma wanda zai fi kowa cin riba in yaron ya ƙara turmi ɗaya.

Ko da an yi cacar ma, ba kullum take biya ba. A 2007 Jami'ar Vanderbilt ita ce kwamiti ya sa a kan gaba a ƙasar baki ɗaya, kuma tana da majefin da ya fi kowa a wannan shekara, David Price. Ya yi wasan Jumma'a. Ranar Asabar Jami'ar Mishigan ta kayar da su, suka bi doguwar hanya suka kai wasan Litinin. Da wasa ya yi tsanani sai aka sāke kiran Price, bayan hutun kwana biyu kacal. A turmi na goma wani ɗan Mishigan mai suna Alan Oaks, wanda daga benci aka taso shi, ya doke ƙwallon ya tsallake katanga. Aka sallami Vanderbilt a filinta. Kwana uku bayan haka Price ya zama mutum na farko da aka zaɓa a zaɓen ƙwararru na wannan shekara.

Ƙanana da Manya

Vanderbilt ba ita kaɗai ta ga wannan rana ba. Jami'ar Jihar Oregon a 2014, da Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis a 2015, duk sun shiga gasa a matsayin na ɗaya a ƙasa, aka sallame su a shiyyarsu. A 2025 abin ya sāke faɗa wa Vanderbilt ɗin, a hannun Jami'ar Wright wadda take lamba huɗu, kuma a wannan karo ko wasan daren Lahadi ba ta kai ba. Hasali ma, bayan Jami'ar Miyami ta ci kofin a 1999, ba wata ƙungiya da ta shiga a matsayin ta ɗaya ta kuma ci shi sai Jami'ar Tennessee a 2024.

Ɗan hakin da aka raina yakan tsone ido, amma kada a ɗauka abin yana yawan faruwa har ƙarshe. Daga 1999 zuwa 2025, ƙungiyoyi huɗu ne kawai masu lamba huɗu suka kai Omaha: Fresno a 2008, Stony Brook a 2012, Oral Roberts a 2023, da Murray a 2025. Fresno ce kaɗai ta ɗauki kofin, bayan ta faɗi wasa 31 a wannan kaka. Dalilin ƙarancin nan shi ne wanda aka riga aka faɗa. Ƙaramar makaranta tana iya cin wasan Jumma'a da gwaninta guda, amma ranar Lahadi sai an nemi majefi na biyar da na shida da na bakwai, kuma a nan ne bambancin mai hali da maras hali yake bayyana. A 2025 ƙungiyar Little Rock, wadda faɗuwarta a kakar ta fi nasararta yawa, ta kayar da Jami'ar Jihar Luwiziyana a filinta da daren Lahadi, ta tilasta wasan Litinin, har ta fara shiga gaba, sa'an nan ƙarfinta ya ƙare. Luwiziyana ta wuce, ta je ta ɗauki kofinta na takwas.

Akwai kuma maganar yanayi. A watan Fabrairu da Maris arewacin Amurka yana cikin ƙanƙara, don haka makarantun can sukan shafe makonnin farko suna yawo a filayen kudu, su dawo da faɗuwa da yawa a wuyansu. Makarantun kudu kuwa suna gida, ga rana, ga 'yan kallo, ga kuɗin ƙofa. A Starkville, wani ƙaramin gari a jihar Misisifi, an taɓa tara mutum fiye da 16,000 a wasa guda a 2023. Gyaran lissafin da aka yi a 2013 ya ɗan rage wannan rata, amma bai kawar da ita ba. Tun da Jami'ar Jihar Ohayo ta ci kofin a 1966, ba wata makaranta daga jihohin sanyi na kewayen manyan tafkuna ko na arewa maso gabas da ta sāke cin sa. Mishigan ta kai wasan ƙarshe a 2019 ta faɗi. Gamayyar kudu maso gabas, wadda ake kira SEC, ita ta ci kofi shida a jere daga 2019 zuwa 2025, kuma a 2025 ta shigar da ƙungiya 13 cikin 64, takwas daga cikinsu masu masauki, watau rabin shiyyoyin ƙasar.

Na ɗan lokaci mai tsawo akwai wata doka da take taƙaita wannan rinjaye. Tun farkon shekarun 1990 ba a yarda wata makaranta ta ba 'yan besbol tallafin karatu da ya wuce na mutum 11.7 ba, sai a yanyanka shi a raba wa mutum wajen talatin. Ƙwararren yaro wanda babbar makaranta za ta biya wa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin karatunsa yana iya zaɓar ƙaramar da za ta biya masa fiye. Wannan doka ta faɗi a 2025, bayan wani sulhu da aka yi a kotu tsakanin hukumar NCAA da tsofaffin 'yan wasa. Makarantun da suka shiga sabon tsarin an ƙayyade musu 'yan wasa 34, amma suna iya ɗaukar nauyin karatun dukansu in suna da hali, har ma su biya su kuɗi kai tsaye. Bugu da ƙari, tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ba tare da ya zauna shekara guda ba ya wasa ba, kamar yadda ake yi da. Majefin da ya yi suna a ƙaramar makaranta bana, baɗi sai a gan shi sanye da rigar babba. Paul Skenes ya yi shekara biyu a makarantar sojan sama ta Amurka, ya koma Luwiziyana a kakar 2023, ya jagorance ta ta ci kofin, kuma a watan Yuli na wannan shekara ƙungiyar Pittsburgh ta zaɓe shi a matsayin mutum na farko a zaɓen ƙwararru.